Wa Ke Yanke Hukuncin Wane ne Bayahude? Sharhi Kan Gallazawa da Sunan Addini

A sansanonin da 'yan Nazi suka kafa akwai wasu fursunoni da ake ɗinka wa ƙyalle mai kusurwa uku, launin shunayya, a ƙirjin riga. Su ne Shaidun Jehobah, wata ƙungiyar Kiristoci da ta ƙi aikin soja, ta kuma ƙi ɗaga hannu ta yi wa Hitler gaisuwar mubaya'a. An ɗaure su, an azabtar da su, an kashe wasu. Amma akwai wata takarda da aka tanadar musu: duk wanda ya sa hannu cewa ya bar aƙidarsa, ana iya sakinsa ya koma gida. Mafi yawansu sun ƙi sa hannu. Bayahude kuwa ba wanda ya taɓa miƙa masa irin wannan takarda. Edith Stein, masaniyar falsafa haifaffiyar Breslau, ta bar Yahudanci, addinin iyayenta, ta karɓi Katolika a 1922, daga baya ma ta shiga gidan mata masu zuhudu. Duk da haka a watan Agusta na 1942 aka je har gidan zuhudun da take a ƙasar Holan aka kamo ta, aka kai ta sansanin Auschwitz, aka kashe ta da iskar guba. Shekara ashirin da ta yi tana Kirista ba su tsinana mata komai ba a wurin masu kisan.

To, a cikin biyun nan wanne ne gallazawa saboda addini? Na Shaidun Jehobah a fili yake: aƙida ake so su bari, in sun bari magana ta ƙare. Na Edith Stein ne mai ɗaure kai, domin addinin da aka kashe ta da sunansa ta riga ta fita daga cikinsa. Shi ya sa wasu masana ke cewa abin da Hitler ya yi wariyar jinsi ce zalla, ba ruwanta da addini. Ni dai wannan rabon bai gamsar da ni ba. Wanda ya bi tarihin Yahudawa a Turai zai ga abu ɗaya ne ya yi ta sauya riga, kuma a kowane zamani mai gallazawar ne ke yanke hukuncin wane ne Bayahude, shi Bayahuden ba a tambayarsa.

Dokokin duniya ma sun daɗe ba su warware zancen ba. Sashe na 18 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ba kowa 'yancin riƙe addini, da sauya shi, da yin ibada a fili ko a keɓe. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta sa addini cikin dalilai biyar da za su sa a ba mutum mafaka idan yana tsoron gallazawa, amma ba ta faɗi mece ce gallazawar ba, ko da yake an rubuta ta ƙurar yaƙin duniya na biyu ba ta gama lafawa ba. Sai a 1998, a dokar Roma da ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, aka fayyace cewa ita ce tauye wa mutane muhimman haƙƙoƙinsu da gangan, tauyewa mai tsanani, saboda rukunin da suke ciki. Ba a ce saboda abin da suka gaskata a zuci ba.

Abin da Rumawa suka yi wa Yahudawa, wato rusa Haikalinsu na birnin Ƙudus a shekara ta 70 da murƙushe babban tawayensu na ƙarshe a 135, ya fi kama da daula tana hukunta lardin da ya yi mata bore. Lamarin ya ɗauki wani salo ne bayan daular Rum ta rungumi Kiristanci a ƙarni na 4. Daga nan tsohon zargin da ake rataya wa Yahudawa, na da da na yanzu da waɗanda ba a haifa ba tukuna, na laifin kashe Almasihu, ya ƙara ƙarfi. Malaman coci irin su Augustine suka ce kada a kashe su, a bar su da rai amma a warwatse kuma a ƙasƙance, su zama shaida ga gaskiyar Kiristanci. Wannan fatawa ta kare rayuka da yawa, amma ita ce kuma ta mai da wulaƙanta Bayahude wani ɓangare na tsarin zaman al'umma.

A 1096, bayan an yi shelar yaƙin Salibiyya na farko, wasu gungun mayaƙa ba su jira sun isa ƙasar Sham ba, suka fara da Yahudawan garuruwan Speyer da Worms da Mainz a bakin kogin Rhine. Zaɓi biyu aka ba su, baftisma ko mutuwa. A 1144 aka tsinci gawar wani yaro a Norwich ta Ingila, aka ƙaga labarin cewa Yahudawa ne suka kashe shi don wata ibadarsu, kuma wannan ƙarya, wadda daga baya aka ƙara mata cewa suna amfani da jinin yaran Kirista, ta yi ta yawo a Turai har cikin ƙarni na 20. A 1215 babban taron coci na huɗu a fadar Lateran, ƙarƙashin Fafaroma Innocent na Uku, ya wajabta wa Yahudawa da Musulmi da ke ƙasashen Kirista su sa tufafin da za a riƙa gane su da shi. Ana neman alama ne domin in ba alamar, ba mai iya bambanta su da maƙwabtansu.

Sai batun kuɗi, wanda ba a iya raba shi da wannan tarihi. Coci ta haramta wa Kirista cin kuɗin ruwa. A wurare da yawa kuma an hana Bayahude mallakar gona, an hana shi shiga ƙungiyoyin masu sana'ar hannu. Abin da ya rage wa wasunsu shi ne ba da bashi, sarakuna kuwa suka mai da su saniyar tatsa: Bayahude ya karɓi kuɗin ruwa daga talaka da basarake, sarki ya karɓe daga hannun Bayahude da sunan haraji, baƙin jinin kuma ya tsaya a kan Bayahuden shi kaɗai. A birnin York a 1190, Yahudawa kusan 150 suka mutu a hasumiyar da suka nemi mafaka, wasu suka kashe kansu don kada a tilasta musu barin addini. Cikin jagororin masu tarzomar akwai manyan gari da ake bin su bashi, kuma da suka gama sai suka wuce babban cocin garin, inda ake ajiye takardun bashin, suka cinna musu wuta. A 1290 Sarki Edward na Ɗaya ya kori Yahudawa kaf daga Ingila, bayan haraji ya riga ya tsiyata su. Faransa ta yi nata a 1306, ta dawo da su, ta sake kora a 1394.

Da annobar da ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai ta ɓarke a 1348, sai aka ce Yahudawa ne ke zuba guba a rijiyoyi. Fafaroma Clement na Shida ya fitar da takarda yana cewa ƙarya ne, ai su ma annobar na kashe su. Ba a saurare shi ba. A Strasbourg an ƙona ɗaruruwan Yahudawa ranar 14 ga Fabrairu 1349, tun annobar ba ta ma iso garin ba, aka soke basussukan da suke bin mutane, aka rarraba dukiyarsu. Wani mai rubuta tarihin garin a wancan zamani ya faɗi a fili cewa kuɗinsu ne ya kashe su, da matalauta ne da ba wanda ya ƙona su.

Duk da munin wannan, har zuwa lokacin akwai ƙofar fita. Wanda ya yarda aka yi masa baftisma ya tsira, aƙalla a bisa ƙa'ida. A Sifaniya aka fara rufe ƙofar, kuma a ganina nan ne ƙashin bayan wannan tarihi.

A 1391 tarzoma ta tashi a Seville ta bazu ko'ina a ƙasar, aka kashe Yahudawa dubbai, wasu dubun-dubata suka karɓi Kiristanci don su tsira da rai. Abin da coci ta shafe ƙarnuka tana nema ya samu. Amma waɗannan sababbin Kiristoci, tun da doka ta daina ɗaure musu hannu, sai suka shiga aikin fada da alƙalanci da kasuwanci, suka yi auratayya da manyan gidaje, wasu har suka zama limaman coci. Nan fa hassada ta motsa. A 1449 birnin Toledo ya kafa dokar da ta hana duk wanda ke da asalin Yahudanci riƙe muƙami, ko da a coci aka haife shi aka raɗa masa suna. Wannan ce mafarin abin da suka kira tsarkin jini. A 1478 aka kafa kotun binciken aƙida, wadda aikinta ba a kan Yahudawan da ke bin addininsu a fili yake ba, a kan waɗanda suka tuba ne. Maƙwabci ya kai ƙarar maƙwabci don ba ya cin naman alade, ko don an ga matarsa ta sauya zanen gado ranar Juma'a, ko don ba a ga hayaƙi na tashi daga gidansa ranar Asabar ba. Ranar 31 ga Maris 1492, watanni uku bayan faɗuwar Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella suka ba sauran Yahudawa wa'adi: a tuba ko a fice. Hujjarsu kuwa ita ce kasancewarsu a ƙasar na gurɓata imanin waɗanda suka tuba.

Musulmin Andalus sun bi wannan hanya taki-taki. An tilasta musu shiga Kiristanci a farkon ƙarni na 16, an haramta musu Larabci da suturarsu, kotun aƙida ta bi su gida-gida, sannan daga 1609 zuwa 1614 aka kori kimanin 300,000 daga cikin jikokinsu, alhali a takarda kowannensu Kirista ne mai baftisma.

Da yawa daga Yahudawan da aka kora ƙasashen Musulmi suka nufa. Sultan Bayezid na Biyu na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya buɗe musu ƙofa, suka zauna a Istanbul da Salonika, wasu suka tsallaka Maroko. Wannan gaskiya ne, kuma gaskiya ne cewa tsarin zimma, inda Bayahude ke biyan jiziya a kare masa rai da dukiya da wurin ibada, ya fi abin da Turai ta ba su a mafi yawan waɗancan ƙarnuka. Sai dai ba daidai ba ne a tsaya nan a tafa wa kai. Zimma kariya ce ba daidaito ba, kuma tana tafiya ne da halin mai mulki. Halifa Mutawakkil na Abbasiyawa ya tilasta wa ahlul zimma sa tufafi na daban a wajen shekara ta 850. A 1066 aka far wa Yahudawan Garnaɗa bayan an kashe waziri Yusuf bn Nagrila, wanda Bayahude ne. Daular Muwahhidun ta ƙarni na 12 ta yi watsi da zimma gaba ɗaya, abin da ya sa iyalin malamin Yahudawa Musa bn Maimun suka bar Ƙurɗuba, har ya ƙare a Masar yana likita a fadar Salahuddin. A 1839 aka tilasta wa Yahudawan Mashhad ta Iran musulunta.

Akwai kuma wani babi da ya taɓo ƙasar Hausa. Shehu Muhammad bn Abdulkarim al-Maghili, wanda Kanawa suka sani a matsayin baƙon Sarki Muhammadu Rumfa da ya rubuta masa nasiha kan tsarin mulki, kafin ya gangaro kudu ya yi zama a Tuwat, cikin saharar Aljeriya ta yau. A can ya ɗauki matsayin cewa Yahudawan yankin sun warware alƙawarin zimma saboda kusancinsu da masu mulki, don haka a rushe wurin ibadarsu na Tamantit. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce a'a, shari'a ta kare su. Aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, amsoshinsu suka rabu biyu. A ƙarshe, wajen ƙarshen ƙarni na 15, an rushe wurin ibadar, al'ummar ta watse. Malaman biyu Malikawa ne, littattafai ɗaya suka karanta. Ke nan nassi shi kaɗai ba ya bayyana dalilin da ya sa gallazawa ke tashi a wannan gari ta kwanta a wancan. Dole a duba wa ke da iko, wa ke jin an sha gabansa a kasuwa ko a fada.

A ƙarni na 19 Turai ta sassauta riƙon addini, ƙasashe suka bi sahun Faransa, wadda ta ba Yahudawa cikakken 'yancin 'yan ƙasa a 1791. Mutum zai zaci ƙiyayyar za ta bi addinin ta yi sanyi. Sai ta samu sabuwar hujja a ilimin bogi na rarrabe jinsin mutane. A 1879 wani ɗan jarida Bajamushe, Wilhelm Marr, ya kafa ƙungiyar ƙin jinin Yahudawa, yana cewa shi ba ruwansa da abin da suke bautawa, jininsu ne matsalar. A Faransa aka ɗaure hafsan soja Bayahude Alfred Dreyfus a 1894 bisa zargin cin amanar ƙasa, sai a 1906 aka wanke shi. A Rasha, inda aka killace Yahudawa a lardunan yamma, hare-hare suka ɓarke bayan kisan Sarki Alexander na Biyu a 1881, sannan a Kishinev a 1903 aka kashe kusan mutum 50 bayan an sake yaɗa tsohuwar ƙaryar jinin yaro. A wannan shekarar ce kuma aka fara buga takardar jabun nan da ake kira Protocols, wai asirin dattawan Yahudawa na mallake duniya. Jaridar Times ta Landan ta nuna a 1921 cewa an kwafo ta ne daga wani rubutun zambo na Faransanci na 1864 da aka yi wa Napoleon na Uku, wanda ko sunan Bayahude babu a ciki. Har gobe ana sayar da ita a harsuna da dama, har da Larabci, kuma akwai masu karanta ta kamar tarihi.

Da 'yan Nazi suka zo kafa dokokin Nuremberg na wariyar Yahudawa a Satumba 1935, sai suka yi karo da wata matsala: babu awon jini ko awon ƙoƙon kai da ke nuna Bayahude. Dokar da ta biyo baya a Nuwamba ta ce Bayahude shi ne mai kakanni uku ko huɗu Yahudawa. To ta yaya ake sanin kaka Bayahude ne? In yana cikin rajistar al'ummar addinin Yahudanci. Jamusawa suka yi ta zirga-zirga a coci-coci suna neman takardun baftismar kakanninsu don su wanke kansu. Wariyar da ke tutiyar cewa ta kimiyya ce, da aka matsa ta sai ta koma ta jingina da addinin kaka. Wannan ne dalilin da ya sa ba na yarda a zare addini daga lissafin.

Sauran an san shi. Daren 9 zuwa 10 ga Nuwamba 1938 aka ƙona ɗaruruwan wuraren ibadar Yahudawa a Jamus da Ostiriya. 'Yan watanni kafin nan ƙasashe 32 sun taru a Evian ta Faransa kan batun masu neman mafaka, kusan kowa ya ce gidansa ya cika. A 1939 jirgin ruwa St. Louis ya ɗauki Yahudawa masu neman mafaka fiye da 900, Kuba ta ƙi yawancinsu, Amurka da Kanada suka ƙi, ya juya Turai. A Babi Yar kusa da Kiev, cikin kwana biyu na Satumba 1941, aka harbe Yahudawa 33,771, kuma su masu kisan ne suka rubuta adadin a rahotonsu. Ranar 20 ga Janairu 1942 manyan jami'ai 15 na Nazi suka zauna a Wannsee da ke Berlin suka tsara yadda ma'aikatu za su haɗa hannu a aikin kawar da Yahudawan Turai. Zuwa 1945 an kashe Yahudawa kimanin miliyan shida, kusan miliyan ɗaya a Auschwitz kaɗai. Inda jama'a suka ƙi ba da hannu kuwa aikin ya cije: 'yan Denmark suka tsallakar da kimanin 7,000 zuwa Suwidin cikin jiragen kamun kifi a Oktoba 1943, a Albaniya kuma, mai rinjayen Musulmi, iyalai suka ɓoye baƙi har yaƙin ya ƙare Yahudawan ƙasar sun fi yadda suke kafin a fara.

Saɓanin aƙida daban, gallazawa daban, kuma haɗa su na jawo ruɗani ta fuska biyu. Musulmin da ya yi imani an shafe shari'ar Annabi Musa bai gallaza wa kowa ba, haka ma Bayahuden da bai yarda da annabcin da ya zo bayan nasu ba. Wa'azi da muhawara, har ma da baƙar magana, ba su kai ba, duk da akwai masu kukan an gallaza musu don kawai an musa musu. Gallazawa na farawa ne ranar da aƙida, ko aƙidar da aka liƙa maka, ta zama ita ke yanke ko za ka mallaki gona, ko alƙali zai karɓi shaidarka, ko 'yan sanda za su zo in an kewaye gidanka. Kuma kusan ko yaushe da hannun hukuma a ciki, ko ta aikata ko ta kau da kai. Cocin Katolika ba ta fito ta ce ba za a ɗora wa dukkan Yahudawa laifin abin da ya sami Almasihu ba sai a 1965.

Na san mai karatu na riƙe da tambaya tun daga sama: Falasɗinawa fa? Tambaya ce mai kyau. A 1948 kimanin Falasɗinawa 700,000 suka rasa gidajensu, jikokinsu na sansanoni har yau, kuma yaƙin Gaza da ya fara a Oktoba 2023 ya kashe dubun-dubata. Abin da aka yi wa Yahudawa a Turai ba lasisi ba ne ga gwamnatin Isra'ila, kuma sukar wannan gwamnati ba ƙin jinin Yahudawa ba ne. Cikin masu sukarta da kakkausar murya akwai Yahudawa. Amma a ɗauki laifin gwamnati a ɗora wa duk mai wannan addini a ko'ina yake, wannan shi ne ainihin lissafin da aka yi a Mainz da Strasbourg. Shi ne kuma aka yi wa Yahudawan Bagadaza a harin Yuni 1941, mutanen da zamansu a Iraƙi ya girmi Musulunci da fiye da shekara dubu. Mutumin da ya harbe masu ibada 11 a wurin ibadar Yahudawa a Pittsburgh ta Amurka a 2018 yana zargin Yahudawa ne da shigo da baƙi ƙasar. Wanda ya kashe Musulmi 51 a masallatan Christchurch a 2019 daga irin wannan rijiya ya sha, ta cewa ana shirin maye gurbin farar fata.

A garin Srebrenica na Bosniya a Yuli 1995, da aka ware maza da samari Musulmi kimanin 8,000 aka kashe, ba wanda aka tambaya ko yana salla. Sunansa da na mahaifinsa sun isa. A Myanmar dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta ba da cikakken 'yanci ga ƙabilun da gwamnati ta yarda suna ƙasar kafin 1823, ba ta ambaci Musulunci ba, ta dai bar Musulmin Rohingya a waje. Daga nan aka taƙaita musu tafiye-tafiye da aure da karatu, har zuwa 2017 da fiye da 700,000 suka tsere Bangladesh. Tsakanin dokar da gudun hijirar shekara 35 ne. A Jamus, daga Nuremberg zuwa Wannsee, shekara shida da wata huɗu.